Jemima da Ƙuri'ar Raba Kwarin Buwai

Duk wanda ya saba cin kasuwar Ɗambatta ya san Jemima, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai tsage a kumatu da take zama da tiren daddawa a bakin layin 'yan kayan miya. Ba ta kiran masu saye, ba ta jan ciniki. In ka taya ta ce albarka, to ta gama magana, ko ka saya ko ka matsa wa na bayanka. Mu da muka fito gari ɗaya da ita mun san ba a kasuwa kaɗai take haka ba.

Garinmu Kwarin Buwai ne. Buwai kakanta ne, shi ya fara kafa bukka a wurin tun ana bin addinin gargajiya. A cikin wannan addinin aka haife ta, sai da ta yi wayo gidansu suka shiga coci, a can aka raɗa mata Jemima. Tun kafin nan wasu malamai sun zo da iyalansu sun roƙi wurin zama a bakin rafi, aka ba su, aka yi ta haihuwa har gari ya zama rabi Musulmi rabi Kirista. Masallaci yana gabas da babbar kuka, coci yana yamma da ita, rijiya ɗaya ake ja. Ba zan ce ba a taɓa saɓawa ba. An sha yi, a kan akuyar da ta shiga shuka, a kan iyakar gona, a kan yara. Amma in aka yi rasuwa ba a tambayar ta wane ɓangare ce, kowa zai fito ya zauna.

Abu ɗaya ne ya bambanta mu da sauran ƙauyuka, wato a kanmu iyakar ƙananan hukumomi uku ta haɗu. Mu ko sunayensu ba ma faɗa, ta gabas da ta yamma da ta arewa muke cewa. Rafin da ya ratsa gari shi ya raba gabas da yamma, ta arewa kuwa daga makarantar firamare da ke kan tudu ta fara. In zaɓe ya zo duka ukun sukan turo motocin lasifika, kowacce ta ce mu nata ne.

Jemima ta auri Shago, manomi mai sanyin hali. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da suka yi aure a wajen Minjibir, da ɗan farinta Nathan, mai gyaran wuta a Kano. Nathan ya yi iya yinsa ta koma wurinsa. Ta je sau ɗaya, ta yi 'yan kwanaki, ta dawo ta ce ba za ta iya zaman garin da ake sayen ganyen zogale ba. Ta ci gaba da noma gonakinta biyu da kanta, 'yar fadama a bakin rafi, da babbar gonar tudu a bayan makaranta, wadda ta gada wurin mahaifinta don ba shi da ɗa namiji. Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane darajar wannan gona ba. Daga nan har Makoda babu daji, gona ce take bin gona, layin gamba ne kawai a tsakani. Mutum ya fi yarda ya ba ka saniyarsa a kan ya ba ka kunya biyu ta gonarsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Luba, matar Malam Abdussalam, mai koyar da karatun Alƙur'ani a zaurensa. Luba ba ta fita da rana, don haka yawancin zumuncinsu ta kan katangar aka yi shi. Ta nan gishiri yake wucewa, da garwashi, da labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji.

Shekarar da abin ya faru, marka ta yi tsawo. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan ne da ba ya ɗaukewa, yana jiƙa gini a hankali har katanga ta yi laushi. Sai wata rana da hantsi aka ji rafi ya canza murya. Kafin a gama kwance awaki ruwa ya hau hanya, kafin azahar ya shiga tsakar gidaje. Gidajen ƙasa ba faɗuwa suke yi ba, zama suke yi, kamar mutumin da ƙafa ta gaza ɗauka. Rumbuna suka kife da sauran hatsin bara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, don da rana ne, kowa yana gani. Jemima ta fito da tukunyar kalwarta a ka, ta ajiye a tudu, ta koma ta jawo hannun Luba, wadda ta tsaya a ƙofar ɗaki ruwa har gwiwa tana jiran Malam ya zo ya ce ta fita.

Makarantar firamare muka cika, da yake yara suna hutu. Mata da ƙananan yara a cikin azuzuwa, maza a baranda. Da ruwa ya janye muka sauka muka duba, babu abin komawa. Rafin ma ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanki wata sabuwa ta tsakiyar gari.

Mai unguwa da Malam Abdussalam da fasto suka shiga yawon sakatariya. A ta gabas aka yi musu jaje, aka ce ai yanzu da rafi ya matsa, yawancin gidajen da suka rushe a yamma suke. A ta yamma aka ce mutanen ai a makaranta suke zaune, makaranta kuwa ta arewa ce. A ta arewa aka ce makarantar tasu ce amma mutanen cikinta baƙi ne. Kowacce ta aiko da tabarmi da 'yan buhunan masara, daga nan shiru.

Wanda ya hana maganar mutuwa wani ma'aikacin sashen ayyuka ne na ta arewa, Kamaruddeen, siriri mai yawan gaisuwa, da bai wuce sa'an Nathan ba. An turo shi ne ya duba ko mun ɓata azuzuwa, ya ga yadda muke zaune, abin ya tsaya masa a rai. Ya yi ta zirga-zirga a kan babur ɗinsa tsakanin sakatariyoyin, yana lallashin wannan yana jiran wancan, har ya samu ciyamomin uku suka zauna a ɗaki ɗaya. Tsofaffinmu sun ce ba su taɓa jin an yi haka a kan wani abu ba. Suka amince nauyin nasu ne duka, kuma za su raba shi.

Ranar da ya kawo labarin fuskarsa cike take da fara'a. Aka taru a gindin darbejiyar makaranta. Ya ce za a kasa gidajen Kwarin Buwai uku, kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki kashi ɗaya, ta ba su fili a gefen babban garinta, ta gina wa kowane magidanci ɗaki biyu na bulo da rufin kwano. Don kada a ce an yi son kai, ƙuri'a za a yi. Ya sa aka kawo ƙwarya, ya zuba 'yan takardu nannaɗe a ciki, kowacce an rubuta gabas ko yamma ko arewa.

Gaskiya mutane da yawa sun ji daɗi. Mun gaji da sauro da cunkoso, kuma ɗakin bulo ba abin rainawa ba ne ga wanda ya ga nasa ya narke a gabansa. Aka fara kira. Mai unguwa ya ɗauki yamma. Malam Abdussalam ya ɗauki gabas. Ƙanensa, da suke gida ɗaya tun haihuwa, ya ɗauki arewa, ya tsaya yana juya takardar a hannu. Sai aka kira Jemima, don ita ce mai gidanta.

Ta taso ba gaggawa, ta zo ta leƙa cikin ƙwaryar, hannuwanta a baya.

"Ɗan nan, gonata fa? A wace mota za a ɗauke ta?"

Kamaruddeen ya ce gona tana nan ba mai taɓawa, mutum zai iya zuwa a babur ya yi aikinsa ya koma. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin noman fari yana zuwa daga wani gari, safe da yamma, a cikin taɓo. Ta ce damina biyu ta isa kowa ya gaji ya sayar, sai a wayi gari 'ya'yan masu gona suna dako a tasha. Ta ce ga kaburbura, na Musulmi da na Kirista, wa za a bar wa su. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na baya suna ji.

"Kun zauna ku uku, mun gode, ba a taɓa yi ba," in ji ta. "Amma mu ba naman watanda ba ne da za a kasa mu uku. In rabo za ku yi, ku raba aikin, ku bar mutane a haɗe."

Kamaruddeen bai yi fushi ba. Ya ce abin da ya fara nema ke nan, a tsugunar da mu kusa da gonakinmu, amma babu fili. Kwari ba ya zaunuwa yanzu, tudu kuwa duk gonakin mutane ne, kuma ba wanda zai bayar.

"An tambaye ni?" in ji Jemima.

Ta juya ta nuna bayan makaranta, inda geronta ya nuna yana jiran yanka. Ta ce ga fili nan, a yi gari a kai.

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka gatse ne. Mai unguwa ya ce ko da gaske take, gonar ba za ta ɗauke mu duka ba. Ta ce za ta ɗauki na farko. Kamaruddeen ya sassauta murya ya ce mata da ƙyar aka haɗa mutanen nan uku, in aka kwance wannan magana ba lallai a sake ɗaura wata ba, kuma an ce wanda ya ƙi ƙuri'a ya fita daga rabo. Ta ce to a fitar da ita. Ta koma ta zauna a tabarmarta. Wanda aka kira bayanta ya ce zai yi shawara tukuna, na bayansa ma haka. Aka tashi ba a gama ba, aka ajiye ƙwaryar a ofishin hedimasta da sauran takardu a ciki.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Hutu ya ƙare, hedimasta yana neman azuzuwansa, aka matse mu a aji biyu. Matan da suka sa rai da ɗakin bulo suka daina gaishe ta, wata ma ta faɗa a gabanta cewa tsohuwar da ta gama cin zamaninta ce za ta hana masu ƙananan yara samun rufi. Fasto ya zo ya yi mata wa'azin haƙuri da bin na gaba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi cocin kashi nawa za a yi da shi.

Mafi zafi shi ne zuwan Nathan. Labari ya same shi a Kano, ya hawo bas ya sauka a Ɗambatta, ya ƙaraso a babur ko ruwa bai sha ba. A bakin gonar suka yi maganar, mutane suna hange daga nesa. Ya ce shi ba shi da ko taku ɗaya na fili a Kano, haya yake yi, kullum in mai gida ya wulaƙanta shi da tunanin wannan gonar yake kwantar da ransa. Ya ce ita ce abin da zai nuna wa 'ya'yansa ya ce nan ne asalinku. Maganarsa gaskiya ce, ita ma ba ta ƙaryata shi ba.

"Inna, in kin bayar ba za ta dawo ba."

"Na sani."

"To ni fa?"

Jemima ba ta kiran sunansa, kamar yadda iyayenmu mata ba sa kiran na ɗan fari. Ta ce, "Kai yaron nan, in garin ya watse, gonar kaɗai za ka zo ka nuna musu? Wa zai ce musu sannu da zuwa? Fadama tana nan, taka ce. Wannan kuwa, tunda ina da rai, ni ke da iko da ita."

Ya koma a ranar, ko sallama bai yi mata ba.

Ta yanke geronta, ta ɗaure, ta share wuri a tsakiyar gonar ta kafa bukka da kara. Ta kwashe tukwanenta daga aji ta koma can. Da ruwan sama ya ɗauke ta fara haƙar ƙasa. Ruwan kwaɓi daga kududdufin da ambaliya ta bari take ɗebowa, ta hau tudu da tulu a ka. Ta tattake ƙasa da ƙafa, ta zuba ƙaiƙayi, ta mulmula tubali ta jera a rana. Aikin maza ne, kuma ba ta iya shi sosai ba, na farkon duk sun tsage. Muna kallonta daga barandar makaranta, wasu da tausayi, wasu da haushi.

Luba ce ta fara bin ta. Wata safiya aka gan ta da lulluɓi tana hawa tudu da nata tulun, matar da yawancin samarin gari ba su san tafiyarta ba. An ce ta tambayi Malam, ya yi shiru, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin izini. Shi Malam Abdussalam kafin nan ya je ya ga filin da aka ware a gabas. A bayan tashar mota yake, ba bishiya ko ɗaya. Ya dawo da abin a ransa, sai ga shi ya hango matarsa a kan tudu. Washegari ya shiga ofishin hedimasta ya mayar da takardarsa cikin ƙwarya, ya naɗe wando ya shiga kwaɓi. Da Malam ya shiga, waɗanda suka yi karatu a zaurensa ba su da fuskar zama. 'Yan coci kuma suka ji kunyar a ce tsohuwarsu tana aiki suna kallo. Aka koma gayya.

Saura maganar fili, don mai unguwa bai yi ƙarya ba, gonar ta yi kaɗan. Wadda ke maƙwabtaka da ita ta Alhaji Hashimu ce, wani ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Makoda. Malam ya je masa, ya ƙi. Jemima ta zaga ta ji bakin masu tsofaffin gidaje, sannan ta je da kanta ta same shi a rumfarsa. Ba roƙo ta yi ba, musaya ta kai masa. Ta ce ya ba mu tudunsa, mu ba shi kufan garinmu, wanda ambaliya ta shimfiɗe da baƙar ƙasa a kan takin shekara da shekaru, ga ruwa kusa don noman rani. Alhaji ya zo ya zaga, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce zai karɓa in an bar masa har bakin sabon rafi. Ya ci riba, kowa ya sani, albasar da yake cirewa a wurin yanzu ta isa shaida. Amma an cire maƙabartun biyu daga cinikin. A kan wannan Jemima da Malam bakinsu ɗaya.

Gini ya kai ƙugu lokacin da wasu jami'ai suka zo a mota da gwangwanin jan fenti. Suka ce gini ne ba izini a kan ƙasar noma, za a rushe. Suka bi katangu suna shafa alama. Da suka iso tata, ta tsaya a gefe ƙafafunta duk taɓo, ta ce wa mai fentin ya shafa da kyau yadda za a hango daga hanya.

"Ruwa ya rushe na farko, ban mutu ba. Ku rushe wannan, ƙasar tana nan, ƙafata tana nan. Sai mu ga wanda zai riga gajiya."

Mutumin ya shafa ya wuce. Ba a fasa aiki ba ko na wuni.

Kamaruddeen bai daina zuwa ba. Yakan tsaya ya kalli katangu masu jan fenti, ya gaishe ta, ta amsa, ta ba shi ruwa. Shi ne ya faɗa wa Malam ranar da ciyamomin za su sake zama a sakatariyar arewa don yanke hukunci a kan waɗanda suka ƙi ƙuri'a. Ba a gayyaci kowa daga cikinmu ba. Jemima ta tara mata, masu hijabi da masu ɗankwali, suka cika bas. Masu gadi suka hana su shiga zauren taro, sai suka shimfiɗa zannuwa a baranda suka zauna. Rana ta zo ta same su a wurin, ta wuce. Aka aiko aka ce su tafi gida za a neme su, Jemima ta ce ba su da gidan da za a neme su a ciki.

Wajen la'asar ciyamomin suka fito. Jemima ta riga su isa inda motoci suke, ta tsaya a gaban ta farko. Ɗan sanda ya nufo ta, Luba ta zo ta tsaya a gefenta, sauran matan ma suka taso. Jemima ta ce ranku ya daɗe, ba tsiya ce ta kawo mu ba. Ta ce an ce babu fili, ga fili an samu, katangu ma sun tashi da hannunmu. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne a auna wurin a ba shi izini, a rufa ɗakuna, a kawo ruwa da hanya. Ta ce ku uku ne, kowa ya ɗauki wanda zai iya.

Ɗaya daga cikinsu ransa ya ɓaci, ya ce ba a tsare shugaba a hanya, kuma an riga an sa hannu a yarjejeniya. Wani ya yi murmushi ya tambayi ko wace ce. Sai Kamaruddeen, da ke tsaye a bayansu, ya matso ya ce yallaɓai abin da ta faɗa haka yake, ya gani da idonsa, kuma tun farko rashin fili ne ya sa aka koma ga raba mutane. Maigidansa ya yi masa kallon da kowa ya gane ma'anarsa. Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Jemima ta matsa, motoci suka wuce. Matan suka dawo da yunwa, wasu suna cewa an yi wahalar banza.

Makonni suka wuce. Muka ji an ɗauke Kamaruddeen daga sashen ayyuka an tura shi kula da wata 'yar kasuwar ƙauye can nesa. Jemima ta rasa walwala da ta ji, ta ɗaure masa daddawa da wake ta aika. Ana nan sai ga masu awo sun zo daga ta arewa da igiyoyi da turaku, suka fitar da layuka, suka bar wurin masallaci da na coci, ba wanda ya sake maganar jan fenti. Bayansu motar ta yamma ta sauke kwano da katako. Ta gabas ta ɗauki rijiyar burtsatse, da kwalbatin da zai haɗa tudun da gonakin ƙetaren rafi. Abin da ya juya ra'ayinsu ba mu sani ba. Wasu sun ce zaɓe ne ya matso, wasu sun ce sun duba ne suka ga haka ya fi musu sauƙi. Jemima ta ce ita ba ruwanta da dalili.

Kafin damina ta dawo mun shiga ɗakunanmu. Na ƙasa ne, mu muka gina, rufin ne kawai na hukuma, kuma har yau akwai masu cewa ba don taurin kan tsohuwar nan ba da a ɗakin bulo suke. Gidajen da suka riƙe ƙuri'arsu suka tafi, an cika musu alkawari. Wasu sun dawo bayan shekara, wasu sun sayar da gonakinsu kamar yadda ta faɗa, wasu kuma zaman gari ya karɓe su. Ƙanen Malam yana da shagon kayan masarufi a arewa, ya ce ko a mafarki ba ya ganin kansa ya dawo.

Ita kuwa abin da ya rage mata a tudu bai wuce wurin ɗakinta da 'yar shukar kuɓewa a baya ba. Matar da take cika rumbu yanzu takan auno gero a kasuwa in bazara ta yi nisa. Maƙwabta sukan kai mata dami bayan kaka, tana karɓar na wasu tana mayar da na wasu. In ta ga alamar tausayi a fuskar mai kawowa, to da kayansa zai koma. Nathan bai zo Kirsimetin shekarar ba. Ta gaba ya zo da matarsa da yara, ya zaga layukan, ya gaisa da kowa, ya gyara mata ƙofar da ta karkace. Ba su tayar da maganar ba, kuma ban ji an ce ɗayansu ya ba ɗaya haƙuri ba.

An haƙa burtsatsen, ruwansa yana da daɗi. Kwalbatin ne har yanzu ba a yi ba. An yi zaɓe, sabon ciyaman ya hau a gabas, ya ce shi bai san da wata yarjejeniya ba, ba da shi aka zauna ba. In rafi ya cika, masu gona a ƙetare sai sun yi dogon zagaye ta babbar hanya, da jakuna da taki. Jemima ta mayar da sakatariyar gabas wurin zuwanta. Gwiwa ta fara damunta, yanzu sai an ɗora ta a babur an sauke ta. Masu gadin sun san ta, sukan jawo mata benci tun kafin ta tambaya. Zuwanta na baya-bayan nan wani babba a ofishin ya fito ya ce mata, Inna ki je ki huta, za a yi. Ta ce ta ji, Litinin za ta dawo ta ga inda aka kwana. Ta ce in kuma ganinta ne ya ishe shi, hanyar rabuwa da ita ɗaya ce, a zuba kwalbati.